Ranar da Inna Ta Rufe Min Dankali a Kula

Bari in faɗa muku ƙarshen tun yanzu, don ni magana ba ta kwana a cikina: ƙawata ba ta ci ba. Na wuni a tsaye, mai ya fallatsar min a hannu har ya tashi, na yi faɗa da yayana kamar za mu cinye juna, amma faranti ɗaya tal ne ya fito yadda nake so, shi ma babanta ne ya share shi. Babanta fa! Mutumin da ko sunan abin bai tambaya ba. Wallahi har yau in na tuna sai haushi ya kama ni.

To ku gyara zama in ɗauko muku daga farko.

A Riyad muke lokacin, unguwar Ulaisha, hawa na biyu a wani tsohon bene. Abbanmu a ofishin jakadanci yake aiki, haka ma baban ƙawata. Ni da ita benci ɗaya muke a makaranta, kuma tare muka rubuta jarrabawar gama sakandare a shekarar. Ranar da muka ajiye biro, kai jama'a, ku zo ku ga tsalle cikin abaya! Mun gama! Ba sauran tashin asuba a jira bas, ba sauran malamar lissafi da jan bironta. Ni a makon nan ko harara aka yi min dariya nake mayarwa.

Ana cikin wannan murna sai ga labari: wa'adin babanta ya cika, an kira shi gida. Ranar Asabar za su tashi.

Akwai wani abinci da ni da ita muka mace a kansa. A wani gidan abinci ake yin sa cikin manyan kantunan unguwar Ulaya, ɓangaren iyali, inda ake ja muku labule ku sauke mayafi ku ci a sake. Soyayyen dankalin Turawa ne, siri-siri, ƙarau-ƙarau, a kwarara masa wata miya mai kauri ta niƙaƙƙen nama da jan wake da barkono, sannan a malale shi da narkakken cuku mai ruwan ɗorawa, wanda in kika ɗago dankali ɗaya sai ya biyo shi kamar zare. Yana da wani dogon suna na Turanci a jikin allonsu, mu dai dankalin Ulaya muke ce masa. Kuma sharaɗinsa ɗaya ne: da zafi ake ci. Daga mai sai faranti, daga faranti sai baki. Kika tsaya surutu ya yi laushi, cukun ya daskare, shi ke nan kin yi asara. Shi ya sa duk surutunmu, in aka ajiye mana shi ɗif muke yi.

Ba kullum muke samu ba. Lokacin mace ba ta tuƙi a can, sai Yaya ya ga dama ya kai mu a motar Abba, shi kuma ganin damarsa sai an yi masa wanki da guga.

Na so mu je mu ci na ban kwana, babanta ya ce babu inda za ta, gida duk kwalaye ana ta ɗaure kaya. Da ƙyar mamanta ta roƙar mata yammacin Alhamis, tunda lokacin Alhamis da Juma'a ne hutu a can, shi ma da sharaɗin gidanmu kawai za ta zo. Ta kira ni a waya murya duk ta dushe.

Na ce, "Ke share hawayenki, mutuniyar. Ulaya ce za ta tako ta zo Ulaisha. Da hannuna zan yi miki shi."

Ta ce, "Ke? Ke da ko ƙwai kika soya sai an buɗe tagogi?"

Na ce, "Za ki sha mamaki, yarinya."

Ba cika baki kawai na yi ba, na shirya. Wata 'yar ajinmu 'yar Masar ta koya min dabarar dankalin: suya biyu ake yi masa. Ta farko sama-sama, ya dahu amma bai yi ja ba, a kwashe a baza ya huce. Ta biyu sai masu ci sun zauna, a jefa shi a mai mai zafi sosai, shaf-shaf a kwashe. Tsarina kuma mai sauƙi: mu shida, 'yan ajinmu, a ɗakina, a kunna kaset, a shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa, ga lemo mai sanyi. Ɗan zama ne kawai, kowa da kayan shan iskarta.

Sai na je neman izinin kicin.

"Umma, ranar Alhamis ƙawayena za su zo, ɗan fati za mu yi wa ƙawata."

"Ku nawa?"

"Mu shida."

"Uwar yarinyar fa?"

"Umma, fati ne fa na 'yan mata."

"Au! Mata za ta bar ƙasa, 'yarta ta zo gidana ta ci abinci, ita in bar ta cikin kwalaye? Me za a ce da ni?"

Kafin in buɗe baki ta jawo waya ta ɗora a cinya. Ta kira maman ƙawata. Ta ajiye, ta ce ai in matar hawa na uku ta ji ƙamshi ba a gaya mata ba, an ja magana. Ta kira ta. In an gaya wa ta hawa na uku kuwa dole a gaya wa aminiyarta. Ina tsaye ina ji fatina yana kumbura kamar ƙullin fanke.

"Umma, wannan ai ya zama walima."

"Fati, walima, duk ba cin abinci ba ne? Bari in kira Inna ta zo ta kama miki."

Inna ba danginmu ba ce. Wata dattijuwa ce 'yar Damagaram, tana zaune a unguwar Manfuha tun kafin a haife ni, kuma duk wani suna ko walima na Hausawan garin ita ce a kan tukunya. Mace mai kirki, ba ta taɓa zuwa gidanmu hannu rabbana ba. Tana da wasu manyan kuloli masu zanen furanni, duk inda za ta da su take tafiya a tasi, kamar 'ya'yanta. A wurin Inna, abincin da ba a rufe a kula ba kafin baƙo na farko ya yi sallama, abin kunya ne ga masu gida.

Abba ya sa aka kawo dankali buhu guda. Ranar Alhamis tun da hantsi na hau fira, na fere, na fere, har yatsuna suka yi fari suka yamutse. Na yanka siri-siri, na jiƙa a ruwa, na tsane da tawul. Na ɗora miyar: nama, albasa, tafarnuwa, tumatir, jan wake na gwangwani, barkono da kamun, wani kayan ƙamshi na Larabawa. Na bar ta ta yi ta tafasa a hankali har ta kama jikinta, in kika tsayar da cokali a ciki sai ya tsaya. Na ɗanɗana, na yi wata 'yar rawa ni kaɗai a kicin. Ba don ni na yi ba, miyar nan ta haɗu!

Zuwa la'asar na gama suyar farko. Na baza dankalin a manyan tirarruka, fari-fari, yana jiran lokacinsa. Sai ga Inna ta yi sallama, direban tasi na biye da ita da kuloli da tukunyar shinkafarta, don ita ba ta yarda a tara mutane a kan dankali zalla ba. Ta leƙa tirarrukan, ta ɗauki ɗaya ta matsa.

"Ɗiyata, wannan dankali bai ji wuta ba."

"Da gangan ne, Inna. Sai mutane sun zauna zan sake soyawa."

"Sai baƙi sun zauna za a ɗora girki?" Ta juya ta kalli Umma. "Ikon Allah."

Ban tsaya dogon bayani ba, don hankalina yana kan cuku. Tun safe na aiki Yaya babban kanti na Ulaya, na kwatanta masa, na sake kwatanta masa: mai ruwan ɗorawa, mai narkewa. Shi kuwa ya yi barcinsa har azahar, ya tashi ya yi wanka a tsanake, sai bayan la'asar ya shigo yana kaɗa makulli, ya dire min leda. Na buɗe. Farin cuku ne, irin mai gishirin nan da ke iyo a ruwa, daga baƙalar ƙasan benenmu, wato ɗan shagon unguwa. Ko mota bai tayar ba.

Na dai ce bari in gwada. Na yanka na jefa a kasko. Ya zauna. Na ƙara wuta. Ya yi ja ta ƙasa kamar awara, yana kallona ina kallonsa.

"Yaya! Mai narkewa na ce maka!"

"Cuku kika ce, cuku na kawo. Mai baƙala ya ce wannan shi ne lamba ɗaya."

"Lamba ɗaya a me? A taurin kai?"

"Ke, ki iya bakinki. Ni sa'anki ne?"

"To don Allah, don Annabi, ka koma Ulaya."

"In koma in kawo ki ce ba shi ba ne? Madam kuku, ɗauko abayarki mu je ki zaɓa da kanki. Yalla, yi sauri, ni ina da wurin zuwa."

Na duba agogo. In muka yi sauri za mu je mu dawo kafin magariba. Na zura abaya a kan rigar girkin, na tsaya a ƙofar kicin na ce, "Umma, Inna, don Allah kar a taɓa dankalin nan. Yanzu zan dawo. Kar a taɓa shi."

Inna ta ce, "Je ki, ɗiyata, Allah ya kiyaye hanya."

Sai da muka hau titi na lura ba ta ce to ba.

Yammacin Alhamis a hanyar Ulaya kuwa, kowa ya fito da iyalinsa, motoci kamar an ɗaure su da igiya. Yaya ya kunna kaset yana buga sitiyari, ni ina cizon yatsa. Muna isa na dira da gudu, na nufi wurin sanyi, na ga abina, na rungumo manya guda biyu. Na shiga layi. Saura mata biyu a gabana. Saura ɗaya. Sai kiran salla.

Wanda ya zauna a Riyad ya san abin da ke biyo baya. Mai karɓar kuɗi ya ja ƙyalle ya rufe na'urarsa, aka rage fitilu, aka sauke ƙofar ƙarfe. Na ce masa, "Don Allah, abu biyu ne kawai!" Ya nuna sama da yatsa ya ce, "Salla, salla," ya wuce abinsa. Ba shi da laifi, haka dokar take, kuma ni ma na sani tun ina 'yar ƙarama. Lissafina ne ya kwafsa.

Na ajiye cukun a gefen na'urar, na je ɗakin sallar mata na yi magariba. Allah ya yafe min, rabin hankalina yana kan tirarruka. Na dawo na tsaya. A can kuwa ba wai ana sallamewa ake buɗewa ba, sai an ɗan ja. Na lallaba wurin wayar kwabbai na kira gida, layi a cike, Umma na kai. Na sake, a cike. Da aka buɗe na biya, na fito, babu Yaya. Ashe ya haɗu da abokinsa a ƙofar masallaci suna labarin ƙwallo. Da na yi magana ya ce, "Dankali ne fa, ba jirgi ba. Ba inda zai je."

Muna hawa bene na ga takalma a ƙofarmu, tuli guda, har kan matakala. Na shiga, falo cike da mata, ƙamshin turaren wuta ya cika ko'ina. Kuma ba dama ki wuce ki ce kina sauri. Na durƙusa gaban wannan, ina wuni, ya gida, ya yara. Na matsa gaban waccan, ya zafi, ya jarrabawa, Allah ya ba da sa'a, amin. Wata ta riƙe hannuna tana mamakin yadda na girma, alhali shekaranjiya ta gan ni. Ledar cuku na hannuna tana ta gumi. Ta ƙofar ɗakina na hango ƙawata da sauran 'yan ajinmu, ta ɗago min hannu tana dariya, na yi mata alamar ina zuwa.

Na shiga kicin.

Tirarrukan nan an wanke su tas, an kife. Kaskon mai an sauke. A kan kanta kuwa ga kulolin Inna a jere, kowacce a rufe gam. Inna na zaune kan kujera 'yar tsugunne tana fifita da murfin kwali, zufa har wuya, fuskarta cike da fara'a.

"Kin dawo, ɗiyata? Na hutar da ke. Baƙi suka fara shigowa, na ce ba za a yi abin kunya ina gidan ba. Na soye shi duka. Miyarki ma ta kafe, na ɗan sake ta da ruwa, na juye a kai don su shiga juna. Yana nan da zafinsa, taɓa ki ji."

Na ɗaga murfin ta farko. Tururi ya bugi fuskata, ruwan da ya taru a murfin ya tsiyaye ciki. Na sa yatsa na ɗago dankali ɗaya. Ya sunkuyar da kai, ya rabe biyu, ya koma cikin 'yan'uwansa. Na buɗe ta biyu. Na buɗe ta uku. Buhu guda, jama'a! Duk ya kwanta ya yi lugub, ya sha miya ya ƙoshi.

Abin da ya fi ci min rai, ba ni da bakin magana. Tsohuwa ce, ta tsaya kan wuta a wannan zafi saboda ni, da zuciya ɗaya. Na juya na ga Umma a bakin ƙofa ta kafe ni da idon nan nata da ke cewa ki kuskura. Na haɗiye abin da ya taso min, na rusuna na ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri."

"Amin, ɗiyata. Ai yi wa kai ne."

Na wuce banɗaki, na kunna famfo, na cusa tawul a baki na yi ihu.

Da na fito na narka cukun da 'yar madara, don dai kar a ce ban yi ba. Ya narke kuwa, sumul, kamar a gidan abincin. Aka juye abin cikin kula a farantai, na bi ina malala masa cuku, kamar ana yi wa mara lafiya kwalliya. Aka kai falo da cokula. Cokula fa! Abin da ake ɗauka da yatsa biyu.

Ku ji wani ƙarin takaicin: matan nan sun ji daɗinsa.

"Kai, wannan faten dankali ya yi! Wa ya yi?"

"'Yar gidan ce, da taimakon Inna."

"Wannan na saman man shanu ne?"

"Cuku ne wai."

"To a miƙo min yaji. Ai ga shi da laushi, ko mara haƙori ya samu."

Na ɗauki namu na kai ɗakina, na ajiye a tsakiyar leda ban kalli kowa ba. Sai 'yar Masar ɗin nan ta leƙa ta ce, "Wannan suya nawa kika yi masa? Ni biyu na ce miki." Wata ta ce, "Wannan dankalin Ulaya ne ko na Manfuha?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Ƙawata ta sa cokali ta ɗiba, ta tauna, ko da yake babu abin taunawa, ta ce, "Miyar ta yi daɗi."

"Kar ki yi min kara. Na san fuskarki."

Ta ajiye cokalin. "To ƙawata, tsakani da Allah, ya rasu. Allah ya ba mu haƙuri."

Na so in yi dariya, sai hawaye ya riga ta fitowa. Ba don tsiyar da suke min ba. Jibi war haka yarinyar nan tana wata ƙasa, abu ɗaya na ce zan yi mata, ga shi a faranti kamar kunu.

Ta dafa ni. "Babu saura ko kaɗan? Ɗanye?"

Sai na tuna da wasu 'yan ƙananan dankali da na raina da safe na bari a gindin buhu. Ta miƙe ta naɗe hannun riga. "Tashi, malama. Kuka ba ya soya dankali."

Muka saci jiki muka shiga kicin. Inna ta koma falo ana hira, Umma na can tana zuba shayi. Muka turo ƙofa, don ba ta da makulli. 'Yan dankalin ba su fi cikin tafi biyu ba. Ita tana fira, ni na mayar da mai kan wuta. A gindin tukunya na samu sauran miya da Inna ta rage saboda masu neman ƙari, na ɗora ta a wuta mai ƙarfi ina juyawa don ruwan ya ƙone.

Tana yanka tana cewa, "Kin san abin da ke damuna? Ni Hausar ma sai an yi min dariya a can. Ran nan na ce wa kakata kalas, wato shi ke nan, a waya, ta ce wane ne Kalas."

"Za ki saba. Wata biyu kin zama 'yar gari, kin manta da mu."

"Ke dai ki dinga rubuto wasiƙa, marowaciya."

"Siri-siri na ce, wannan ai ginshiƙi kike yankawa."

"Ji mai faten dankali tana koyar da girki!"

Muka yi suyar farko, muka baza a faranti, ta ɗauki murfin kwalin Inna tana yi masa fifita don ya huce da wuri. Na ƙara wuta har mai ya fara hayaƙi. Na zuba. Ƙarar nan ta tashi, shaaa, mai ya fallatso min a bayan hannu, ko a jikina. Ya yi ja, ya yi kyau, na kwashe, na girgiza shi a matsami yana ƙara kamar tsakuwa. Gishiri kaɗan. Miya ta koma yadda na yi ta da safe, na ɗora. Cuku a kai. Muka tsaya muna kallonsa.

Ta ce, "Kai! Ashe da gaske kike."

"Ba na gaya miki ba? Yalla, ci, ci, kar ya huce!"

Ta ce bari ta ɗauraye hannu, duk ɓawon dankali ne. Ta juya wurin famfo. Daidai nan aka buga ƙararrawar gida, muka ji sallamar namiji, muka ji Abba yana lale marhabin. Ta ce, "Babana ne." Ta goge hannu da sauri, ta miƙo shi, ta ce bismillah.

Ƙofa ta buɗe. Umma.

"Abbanku ya ce a kai wa Alhaji abin taɓawa, ga kuloli duk an side." Idonta ya sauka kan farantin. "Alhamdulillahi, ashe akwai mai zafi."

"Umma, nata ne! Ita na yi wa!"

"Uba na zaune a falo, 'ya na ci a kicin? Mutum ya zo yi mana sallama zai bar ƙasa, in tura masa ruwa zalla?"

"To ta ɗauki ko ɗaya ne..."

"A kai wa babban mutum abin da aka sa wa hannu? Ke wai yaushe za ki yi hankali?"

Na kalli ƙawata, ko za ta ce wani abu. Me za ta ce? Babanta ne, kuma a gaban Umma. Ta janye hannunta ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Umma, a kai masa."

Umma ta ɗora farantin a tire, ta ƙwala wa Yaya kira, tunda mu ba ma shiga falon maza in da baƙo. Ya zo ya karɓa. A lungun da ke tsakanin kicin da falon, ina kallonsa da idona, ya zare ɗaya, cuku ya biyo shi kamar zare, ya jefa a baki ya ɗaga min gira. Wai shi da ba a so a sa wa hannu.

Muka laɓe a bayan ƙofa ni da ita, kunne a jikin katako. Muna jin ƙarar. Ƙarau. Ƙarau. Kowace ɗaya kamar a ƙirjina ake taunawa.

Babanta ya ce, "Alhaji, wannan fa da zafinsa. Bismillah mana."

Abba ya ce, "A'a, ci abinka, ni na ƙoshi. Yaran nan ne da ƙirƙire-ƙirƙirensu."

Suka ci gaba da maganar awon kaya da wanda zai karɓi gidan. Ƙarau. Ƙawata ta toshe baki, kafaɗunta na rawa, ban san dariya take ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Can Yaya ya fito da faranti fes, har miyar an kwashe da cokalin shayi. Ya ce, "An ce yarinya ta fito da mamanta, za a wuce."

Na raka ta matakala. Manya na gaba suna ta a yafi juna, a gaida mutanen gida, Allah ya sada mu da alheri. Mu muna baya, ta yafa abaya a karkace, hannunta duk ƙamshin mai.

Na ce, "Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Na dai gan shi da idona. Zan ba da shaida."

"Gani ai ba ci ba ne."

"Zan tambaye shi a mota, in ji yadda yake."

Muka rungumi juna har sai da babanta ya danna hon.

Washegari Juma'a ta kira ni, ana ta hayaniyar fitar da kaya a bayanta, minti ɗaya aka ba ta. Na ce, "To? Me ya ce?"

Ta ce, "Ya ce ba laifi. Wai barkono ya ɗan yi yawa."

Asabar suka tashi. Mun yi 'yan wasiƙu, daga baya suka sake gari, mu ma muka bar Ulaisha, adireshi ya ɓace. Yanzu na iya abin nan ido rufe, 'yan ɗakinmu a jami'a har layi suke yi, kuma duk wadda ta matso da murfi sai na kore ta. Amma ita har yau ba ta ci nawa ba.

Don Allah wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba, ko Allah zai sa ya faɗa hannunta ta neme ni.